Yadda Ake Riƙe Shagon Tireda a Ƙaramin Gari, Har Uwa Ta Ce wa Yaro "Wajen Wane Za Ka"

Na fara zaman shago tun ina yaro a wajen kawuna, a wani ƙaramin gari da ke tsakanin Ringim da Gujungu, kafin daga baya ya sallame ni na buɗe nawa. A layinmu kaɗai na ga shaguna da dama an buɗe su da kaya maƙil, an yi fenti, an kafa kanta sabuwa, amma kafin damina biyu an rufe, wurin ya koma ɗakin ajiye buhuna. Ka tambayi mai shi, zai ce maka jari ne ya karye, ko bashi ne ya cinye shi. Gaskiyarsa. Sai dai tun kafin jarin ya karye, matan gari sun riga sun daina tura yaransu wajensa, shi kuma bai lura ba.

A gari irin namu, mai sayen kayanka ta ainihi ba ta zuwa shago. Tana cikin gida tana fama da murhu, ta miƙa wa yaro kuɗi ta ce ya yi sauri. Ita ke kwance ledar, ta auna da ido, ta shinshina, ta ƙirga canji. Ita ce kuma za ta ba da labarinka a gidan suna da gidan biki, inda ba ka nan balle ka kare kanka. Saboda haka duk matakin da zan kawo a nan, ka riƙa tuna wannan baiwar Allah da ba ka gani.

Kafin ka kashe ko kwabo

Ka samu mako guda ka zauna kusa da wani shago mai ciniki, da izinin mai shi, ka sa ido. Me aka fi tambaya da safe? Me ake nema daf da magariba? Za ka ga mutanenmu cefanen yini suke yi, ba na wata ba: ƙullin sukari, magi biyu, ƙullin omo, man gyaɗa na miya ɗaya, ashana, ganyen shayi ƙwaya ɗaya, taliya leda ɗaya. Wanda ya cika kanta da manyan gwangwanaye irin na kantunan birni, kuɗinsa ya kwanta, kayan su yi kwantai, ƙura ta rufe su.

Ka kuma san lokutan garinku. Da azumi sukari da madara da kayan shayi da ƙanƙara ke tafiya. Da kaka kuɗi na hannun manoma, ana bukukuwa, a lokacin ne ake sayen katan ɗin taliya da jarkar mai. Da damina kuɗi sun tafi ga taki da 'yan ƙwadago, ciniki ya ja baya, masu neman bashi su ƙaru, a fi neman batir da maganin sauro. Da hunturu man shafawa. Idan kana kusa da babbar kasuwa, kamar Gujungu ran Lahadi, ko Maigatari ran Alhamis, ko Wudil ran Juma'a, ka lura yadda ranar ke taɓa ka: da hantsi gari ya yi tsit, da yamma mutane su dawo da kuɗi a aljihu, su biya bashi, su sayi ƙananan abin da suka manta.

Sari

Kowa ya san kasuwar Singa a Kano ce cibiyar kayan masarufi, kuma kaya sun fi sauƙi a can. Amma ka yi lissafin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kai da na kaya na iya lashe ragin da ka je nema, in jarinka ƙarami ne. Ko dai ka saro a wajen ɗan sari na babban garin da ke kusa da kai, ko ku haɗu ku uku ko huɗu masu shaguna, mutum ɗaya ya je, ku raba kuɗin mota.

Duk inda ka je, kada ka yarda a ɗora kaya ba ka duba ba. Ka juya katan ka nemi ranar da kayan za su lalace, galibi tana gaban haruffan EXP ko BB. Ka duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kayan abinci da na sha da na shafawa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, bar shi. Katan mai alamar ya taɓa jiƙewa, sa a buɗe. Buhun sukari ko fulawa, danna shi da hannu ka ji ko ya dunƙule. Na taɓa sayen katan biyu na madarar gari a wajen wani ɗan sari da ya yi mini ragi mai yawa, ina ta murna. Sai da na iso gida na ga saura mako uku su tashi daga aiki. A garinmu katan ɗaya kan kai ni wata biyu. Rabi na sayar, na gaya wa masu saye gaskiya na rage musu kuɗi, sauran kuwa asara na yi. Tun daga ranar, ragin da ya wuce hankali tambaya nake yi a kansa kafin na yi godiya.

Jera kaya

Buhu ba ya zama a ƙasa. Ka sa katako ko bulo a ƙarƙashinsa, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, saboda laimar damina da gara. Sabulu da omo da turare da maganin ƙwari su koma gefe guda, nesa da abin da ake ci. Sukari da madara da fulawa suna ɗaukar wari da sauri. Shayi ya yi warin sabulu sau ɗaya a gidan mutum, ba za a zo a gaya maka ba, za a dai canza shago. Kalanzir da fetur kuwa, in har kana sayarwa, wajen shago ne wurinsu, kuma hannun da ya zuba su ba ya komawa cikin buhun sukari sai an wanke da sabulu. Gara ma ka ajiye gwangwanin ɗiba a cikin kowane buhu, ka daina sa hannu ɗungurungum.

Sabon kaya ya koma baya, tsohon ya dawo gaba. Abin da zafi ke narkarwa, kamar bota da alewa, ka sauke shi daga saman kanta, don rufin kwano da bazara wuta ne. Ɓera kuma da tarko ake yaƙarsa a shagon abinci, ba da guba ba. Da safe ka yayyafa ruwa ka share ƙofa, ka goge kanta da tsumma.

Awo

Nan babu wasa. Kwano ɗaya za ka riƙe, da shi za ka saya, da shi za ka sayar. Kwanon da aka buga wa gindi ya shige ciki, matan gida sun fi ka saninsa, domin kowace tana da nata kwanon a ɗaki, kuma tana juyewa ta gani. Sura guda aka saukar da ta buɗe da bone ga masu tauye awo, Suratul Muɗaffifina, waɗanda in za su karɓa su cika, in za su bayar su rage. Akwai kuma hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Duk mai shago ya kamata ya san wannan kamar yadda ya san farashin magi.

Inda mutanen kirki ma ke zamewa shi ne ƙulli. Kana ƙulla sukari da dare kana hira, wani ya fi wani. Ka samu murfi ko ɗan gwangwani guda ya zama shi ne ma'auninka, kowane ƙulli da shi. Idan kaya suka tashi, hanya biyu ce: ka ƙara kuɗin ƙullin, ko ka rage shi ka faɗa da bakinka. "Ka gaya wa Umma buhu ya ƙara kuɗi, shi ya sa na ɗari ya ragu." Rage shi a ɓoye shi ne abin da ba a yafewa. Gyara kuma kada ka raina ta. Ɗan barbaɗin gishiri ko ƙarin rabin ludayin mai ga gidan da kullum wajenka suke saye ba zai karya ka ba.

Ɗan aike

A nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, domin a nan yawancin shaguna ke faɗuwa.

Yarinya 'yar shekara shida ta zo, kuɗi a dunƙule a hannu har sun jiƙe da gumi, tana ta maimaita saƙon a bakinta don kada ta manta. A gabanta manya uku. Abin da aka saba gani shi ne a bar ta tsaye, kowane babba ya zo a sallame shi, ita tana cewa "a ba ni, a ba ni" ba mai kula ta. Kafin a waiwaye ta saƙon ya rikice, tukunya kuma tana kan wuta tana jira. Ta koma gida a makare da abin da ba shi aka ce ba, ta sha faɗa, wataƙila har da duka. Uwar ba za ta manta da shagon da ya jawo haka ba.

Ga yadda kawuna ya koya mini. Da farko, layi layi ne. Yaro ya riga zuwa, shi za a fara sallama. Idan dattijo ne ya zo bayansa, ka ce, "Baba, a yi mini haƙuri in sallami yarinyar nan, girki ake jira." Ban taɓa ganin dattijon da ya ji haushin wannan ba, sai ma ya sa maka albarka. Na biyu, ka sa yaron ya faɗi saƙon, kai kuma ka maimaita masa: "Sukari na ɗari biyu, magi uku, omo ƙulli ɗaya. Haka Inna ta ce?" Na uku, ka buɗe kuɗin a gabansa ka faɗi nawa ne da ƙarfi, yadda na kusa zai ji: "Ɗari biyar ka kawo ko?" Wannan kaɗai na kashe rigimar "dubu na ba shi". Na huɗu, canjin yaro ƙarami ba a hannu ake ba shi ba. Ka naɗe shi a 'yar takarda, ka rubuta abin da aka saya da kuɗinsa, ka jefa cikin ledar, ka ƙulle bakinta. Ko uwar ba ta karanta boko, akwai ɗan makaranta a gidan. In ka iya ajami, ya fi ma a wasu gidajen.

Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci: kada ka taɓa ba yaro abin da ba za ka iya miƙa wa uwarsa hannu da hannu ba. Biredin jiya, fasasshen ƙwai, yagaggen kuɗin da babba ya ƙi karɓa, tumatirin gwangwani da ya lotse, duk yara ake tura wa, wai ai ba su sani ba. Su ba su sani ba, amma wadda ta aiko su ta sani. Idan abin da aka aiko a saya babu, kada ka musanya da wani bisa ra'ayinka. Ka mayar da yaron da kuɗinsa: "Ce mata irin wanda take so ya ƙare, akwai wani iri, in tana so." Ko ka nuna masa shagon da ke da shi. Cinikin ɗari biyu ka rasa, amma gobe da safe wajenka za a fara turo shi.

Kuma kada ka cika canji da alewa sai an ce maka. Yaro zai yi murna ya shanye a hanya, a gida a ce ya ci kuɗi.

Canji da tiransifa

Neman canji aikin mai shago ne, ba na mai saye ba. Tun da dare ka ware ƙananan kuɗi na gobe. Masu shayi da masu ƙosai da 'yan acaɓa suna da su, ka ƙulla hulɗa da su kuna musaya. In ya kama dole a bar canji a wajenka, rubuta shi nan take a gaban mai shi, kuma kai za ka fara tuna masa in ya dawo.

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, har ƙauye an koyi tiransifa. Ka buɗe asusu na shago daban da naka na kanka, ka rubuta lambar da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa. Dokarka ita ce: sai kuɗi sun shigo ka gani a wayarka, ba a fuskar wayar mai saye ba. Saƙon bogi ya yi yawa, kuma sabis kan riƙe kuɗi a hanya. Ka faɗe ta da sakin fuska: "Alhaji, ɗan zauna a benci mu ga shigowarsu, sabis ɗin ne sai a hankali." In mutumin gari ne da ka sani, ka bar shi ya tafi da kaya, amma ka rubuta a littafi har su shigo.

Bashi

Wanda ya ce maka zai yi shago a ƙaramin gari ba bashi, bai zauna a shago ba. Malamin firamare yana jiran albashi, manomi yana jiran kaka, maƙwabcinka matarsa ta haihu cikin dare. Rubuta "ba bashi" a bango ba ya hana komai. Abin da ke tsare ka shi ne tsari.

Ka sayi littafi mai kauri, kowane gida da shafinsa. Kwanan wata, abin da aka ɗauka, kuɗinsa, da wanda ya zo ya karɓa. Wasu na jin nauyin rubuta bashin babba a gabansa. Ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In ka ce, "Kawu, bari in rubuta saboda halin rayuwa," ba wanda zai ga baƙinka.

Ka yanke wa kanka iyaka: kashi nawa na jarinka zai iya zama a waje ba tare da ka kasa komawa sari ba? In an kai nan, ka tsaya, ko wane ne. Kowane gida ma da iyakarsa, gwargwadon abin da ka san suna samu, da ranar biya da aka yi magana a kai, ƙarshen wata ko ranar kasuwa ko bayan an yi sussuka. Sannan ka yi magana da maigidan tun farko: wa aka yarda ya karɓi kaya da sunansa? In ba haka ba za ka wayi gari da shafi cike, shi kuma ya rantse bai san da rabinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Tambayar bashi ita ma da ladabinta. Kada ka aika wa mutum ta bakin ɗansa cewa "ka ce wa babanka ya kawo kuɗina". Kada ka tare shi a majalisa ko a ƙofar masallaci. Ka same shi shi kaɗai, ku gaisa, ka ce za ka je sari ranar kaza, ko za a samu wani abu. Mafi yawan mutane kunya ce ke sa su guje wa shagon da ake bin su, su kai tsabar kuɗinsu wani wuri. Don haka ka buɗe masa ƙofa: "Malam, ka ci gaba da sayayyarka a nan da abin da ke hannunka, tsohon kuma kana ragewa a hankali." Da wannan maganar na dawo da gidaje da dama da na ɗauka na rasa su. Akwai kuma bashin da kai ma ka san ba zai fito ba, na gwauruwa mai marayu ko tsohon da ba mai kula da shi. In kana da hali ka ja layi a kansa, ka gaya mata ta daina ɓuya. Hadisi ne a Bukhari, Annabi ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin kai in ya sayar, in ya saya, da in ya nemi haƙƙinsa.

In an dawo da kaya

Karɓa, ka duba, in da matsala ka canza ko ka mayar da kuɗi, ba tare da ɗaure fuska ba. In irin kayan akwai saura a kanta, sauke su duka ka bincika, ka kuma kira wanda ka sara a wajensa. In kuwa laifin ba naka ba ne, misali an buɗe an ɗiba, ka yi bayani a hankali, ba a gaban jama'a ba.

Ƙofar shago

Bencin ƙofar shago na jawo abokai, abokai su zama majalisa. Hira ba laifi ba ce, amma samari shida a bakin ƙofa katanga ne. Budurwa ba za ta ratsa su ta sayi audugar mata ba, matar aure ba za ta tsaya tana ciniki suna sauraro ba, mai neman bashi ba zai iya buɗe baki ba. Ka matsar da bencin gefe, ƙarƙashin bishiya. Kuma abin da ka gani a shago ya tsaya a shago: gidan wane yau garin kwaki kawai suka saya, gidan wane wata uku ba su biya ba, ba labarin majalisa ba ne.

Waya kuma, in mutum ya tsaya a gabanka, ajiye ta. Ka amsa sallama, ka ɗago kai, ka kira shi yadda ya dace da shi, Baba ko Iya ko Gwaggo ko Malam. Ka buɗe a kan lokaci guda kullum, don mai neman sukarin koko da sassafe ya san zai same ka. In za ka masallaci ka rufe, kowa ya san dalili. In tafiya ce ta yini, ka bar wanda ya san farashi, ka kuma rubuta masa su a kwali, kada ya sayar wa gida ɗaya abu ɗaya da kuɗi biyu.

Bayan isha'i, kafin ka ja ƙofa, ka ba kanka minti goma sha biyar. Ƙirga cinikin yini ka rubuta. Ware kuɗin sari daban, kada ka taɓa su. Abin da ka ɗauka don gidanka, ko magi ɗaya ne, shi ma ya shiga littafi. A shafin ƙarshe ka rubuta duk abin da aka tambaya yau ka ce babu, domin da wannan shafin za ka tafi sari. Sannan ka cika ƙulle-ƙullen safe, ka jera ƙananan kuɗi a gwangwaninsu, ka yanka 'yan takardun da za ka naɗe wa yara canji, ka ajiye su kusa da biro.